Haddis ɗina FAT32 ne kuma ya cika da bidiyon biki, ana iya maida shi NTFS ko exFAT ba tare da fomatin ba?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in maimaita tambayar taka a taƙaice saboda waɗanda za su karanta daga baya. Kana da shagon ɗaukar bidiyo da haɗa shi nan cikin garin Sakkwato, kana da haddis na waje mai tera 1 wanda tsarinshi FAT32 ne, aikin mutane ya kai giga 800 a ciki, yanzu duk bidiyon da ya haura giga 4 in ka zo turawa sai kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi ma wurin girma alhali ga fili nan kana gani da idonka. Ba ka da wani haddis da za ka kwashe kayan, kana son sanin ko ana iya canza shi zuwa NTFS ko exFAT kaya na zaune a ciki, kuma ƙanenka da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya ce maka a Linux ana yin haka, har in ba ka ji daɗi ba a maida kai inda ka fito.

To NTFS dai ana iyawa, Windows da kanta ta zo da abin yi tun da daɗewa kuma kyauta ne. exFAT babu wannan hanyar a Windows sam. Ƙanenka kuma gaskiya ya faɗi, sai dai maganar tashi ba ta shafi wanga haddis naka ba, zan zo kanta. Amma kada ka tashi ka je ka buga komai tukuna, don "ana iyawa" daban, "ya kamata ka yi yau da aikin mutane a ciki babu kwafi" daban.

Matsalar giga 4 ɗin ba lalacewa ba ce, haka FAT32 shike tun da Microsoft sunka fito da shi a 1996 cikin Windows 95 OSR2. Gurbin da anka ware ma kowane fayil don rubuta girmanshi bit 32 ne kacal, lamba mafi girma da ke shiga wurin ita ce 4,294,967,295, wato giga 4 ba bait ɗaya. Lokacin nan haddis ɗin gaba ɗaya ma da wuya shi kai giga 4, babu wanda ya yi tunanin wata rana mutum guda zai ɗauki kamu da walima da ɗaurin aure a fayil ɗaya. Shi ya sa ma kake ganin wasu kyamarori na yayyanka dogon ɗauka gunduwa-gunduwa, ba iskanci ba ne, katin ne ba ya karɓar fiye da haka. NTFS kuwa, wanda ya ma girmi FAT32 don tun 1993 shike tare da Windows NT 3.1, ba ya da wagga matsala, kuma shina da wani littafin ko-ta-kwana da shike rubuta abin da zai yi kafin shi yi, in wuta ta yanke tsakiyar aiki ya san inda ya tsaya. FAT32 da exFAT duk ba su da wannan.

Yanzu mi ke faruwa in an ce an canza tsari kaya na ciki? Ka ɗauki haddis kamar babban sito ne na ɗan kasuwa, buhuna jibge ko'ina, sannan akwai littafin da ke cewa buhun wane yana layi kaza, na wance an raba shi biyu rabi nan rabi can. Bidiyonka su ne buhunan, tsarin fayil shi ne littafin. Fomatin ɗin sauri da kake tsoro ba ya ma taɓa buhu, littafin shike yagewa shi kawo sabo fari fat. Canza tsari a wurin kuwa shi ne a zauna a kwafe tsohon littafi cikin sabo mai wani irin layi, buhuna na inda suke, sai ƴan kaɗan da sunka tare wurin da sabon tsarin ke buƙata a matsar da su gefe. Wannan shi ya sa aikin ke ƙarewa da sauri ƙwarai in ka kwatanta da kwashe giga 800, don abin da ake rubutawa ɗan kaɗan ne, kuma yawan fayiloli ne ke ja mishi lokaci ba nauyinsu ba, haddis mai manyan bidiyo ɗari biyar zai riga mai ƙananan hotuna dubu ɗari uku gamawa.

Kuma a yi ma waɗanda sunka rubuta manhajar adalci, sun yi ta da hankali. Tana fara matsar da abin da ya tare hanya ta gyara tsohon lissafin FAT, sannan ta gina babban teburin NTFS da ake kira MFT a cikin filin da babu kowa, kowane fayil shina cin kilobait 1 a teburin, ta jera foldoji duk a cikin fili, duk tsawon wanga lokaci haddis ɗinka FAT32 ne lafiyayye, sai a ƙarshen ƙarshe ta rubuta sashen farko na patishin ɗin, wato yankin haddis ɗin da kayan suke, wanda shi ke gaya ma kwamfuta ni NTFS ne. Ka ga ke nan in an ɗauke wuta tsakiya, mafi yawan lokaci za ka tarar da tsohon tsarinka shina nan. Wuraren haɗarin ƴan gajeru ne, lokacin da ake sake rubuta teburin FAT da lokacin rubutun ƙarshen nan. Gajeru ne amma akwai su, kuma duk wannan tsari mai kyau ya dogara ne kan cewa haddis ɗin in an ce rubuta zai rubuta daidai, in an ce karanta zai karanto daidai. Nan ne mu a nan muke shan kashi, ba a manhajar ba.

Abin da nake gani a teburin gyara kusan kullum ɗaya ne. Haddis na waje da ya sha yawo cikin jakar kyamara bisa kabukabu, ya faɗo daga tebur ba sau ɗaya ba, ya sha zafin watan Afrilu da Mayu lokacin da garin nan ke haura digiri 40 shago ba fanka, igiyarshi ta saki sai an ɗan danne ta da littafi kafin ta kama. Irin wannan yana iya yin shekara yana aiki kamar lafiya lau don kullum wuri kaɗan ake taɓawa, ranar da ka sa shi aikin da zai bi kowace folda shi karanta shi rubuta, ranar ce ɓoyayyen ciwon ke fitowa. Sai a ce canza tsari ya cinye min kaya, alhali haddis ɗin dama shina bakin kabari.

Don haka kafin komai ka duba lafiyarshi. Ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka jona haddis ɗin ka duba layuka uku, mai lamba 05 da C5 da C6. Na farko yawan gurabun da sunka mutu anka musanya su, na biyu waɗanda ake zargi ana jiran a gani, na uku waɗanda anka kasa karantawa. In ta nuna maka ruwan ɗorawa ko ja, ko ka ga C5 ba sifili ba, ko kana jin haddis ɗin na ƙas ƙas ƙas, to magana ta ƙare, babu canza tsari, babu ma chkdsk, umarnin Windows mai duba haddis shi gyara lissafi, don chkdsk bisa haddis mai mutuwa ƙarasa shi shike yi. Abin yi lokacin nan shi ne a nemo wani haddis ko da bashi ne a kwashe, in kwafin yau da kullum na tsayawa a sa ddrescue, manhajar ceto kaya daga haddis mai mutuwa, a Linux, wannan aikin ƙanenka zai iya.

In lafiya lau ta nuna, sai ka gyara zama. Laftof za ka yi amfani da ita mai batir mai riƙe caji, ba kwamfutar tebur da ke jone da wutar gari kai tsaye ba, in dole sai ita to a bisa inbata ko UPS mai rai. Haddis ɗin in irin babban nan ne mai adafta tashi daban, ka tuna batirin laftof ba ya cetonshi, wuta na ɗaukewa shi ma ya mutu, shi ma sai an sa shi a inbata. Ka jona shi kai tsaye jikin laftof ba ta wancan abin mai bakin USB huɗu mai araha ba, ka sa igiya mai kyau, ka hana laftof ɗin yin barci, ka kori yaran shago daga teburin. Kada ka yi shi lokacin da ake shirin juyawa daga wutar gari zuwa janareto. Ka rufe manhajar editin da duk wata taga da ta buɗe haddis ɗin.

Sai ka buɗe cmd, baƙar tagar buga umarni ta Windows, a matsayin admin. A ce harafin haddis ɗin E ne, kuma don Allah ka duba da kyau ka tabbatar, harafi na canzawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ka fara da

chkdsk E: /f

don a gyara duk wata ƴar karkata da ke cikin tsohon lissafi, in ba haka ba ma manhajar canzawar ƙin farawa take yi. In ya gama ka ga ya ce ya tsinto gutsattsari ya zuba su a wata folda FOUND.000, ka tsaya ka duba bidiyonka na buɗewa kafin ka ci gaba. Sannan ka buga vol E: ka ga sunan da anka raɗa ma haddis ɗin don za a tambaye ka shi, wannan tambayar da gangan anka sa ta don kada mutum shi yi aiki kan haddis ɗin da ba shi ya nufa ba. Sai

convert E: /fs:ntfs /nosecurity

Wancan na ƙarshen mutane da yawa ba su sa shi, ni ina sa shi ga haddis na yawo. NTFS shina da lissafin wa ke da izinin buɗe mi, FAT32 ba ya da shi, kuma haddis irin naka yau shina kwamfutarka gobe shina ta abokin aikinka a unguwar Mabera jibi ta mai furintin, ba ka son wata rana a ce maka ba ka da izinin buɗe foldarka. Da shi kowa na iya buɗewa. In manhajar ta ce wani abu na riƙe da haddis ɗin ta nemi ta sauke shi da ƙarfi, ka amsa mata eh in ka tabbata ka rufe komai. Fili kuwa kana da sama da giga 100, ya isa har ya yi yawa, ita da kanta take lissafa abin da take buƙata in bai isa ba ta ƙi farawa. Daga nan ka naɗe hannu. Ko ta yi shiru kamar ta sandare kada ka zare igiya, kada ka rufe tagar, mafi yawan ɓarnar da ke zuwa min ba ta wuta ba ce ta gajen haƙuri ce.

Ka sani fa hanyar tafiya ce babu dawowa. Windows ba ta da umarnin maida NTFS zuwa FAT32. Akwai manhajojin wasu kamfanoni da ke yi, amma da zarar ka zuba fayil ɗaya mai giga 5 ai ka rufe ƙofar da kanka, kuma galibin kwafin da ke yawo a shagunanmu fasassu ne da anka sauke daga inda Allah kaɗai ya sani, ni ba zan damƙa ma irin wannan manhaja bikin ɗiyar mutane ba.

Tunda babu dawowa, tambayar da ya kamata ka yi ma kanka tun yanzu ita ce, ina da ina ake jona wanga haddis? In Windows ce kaɗai, NTFS ya fi maka komai. In kana kai aiki wurin mai MacBook, Mac na karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja, zai iya ɗaukar bidiyo daga wurinka ba zai iya zuba maka ba. PS4 da PS5 na gidajen gem FAT32 da exFAT suke gani, ba su san NTFS ba. Talabijin da dikoda kuwa kowace da halinta, wata ta karanta NTFS ta ƙi exFAT wata akasin haka, waya ta igiyar OTG ita ma haka, FAT32 ne kaɗai kusan kowa ya yarda da shi, shi ya sa har yau ya ƙi mutuwa. Ka samu ƙaramin filashi ka yi mishi fomatin NTFS ka sa bidiyo ɗaya ka zagaya da shi duk inda ka saba kai aiki, rabin yini ya ishe ka ka san amsa.

In zagayen ya nuna maka exFAT kake buƙata, to sai haƙuri, sai an kwashe an yi fomatin an maido. exFAT ya fito a 2006, an yi shi ne musamman don filashi da katin memori, shi ne ma tsarin da katunan SDXC masu sama da giga 32 ke zuwa da shi, a 2019 Microsoft sunka buɗe bayananshi ga kowa har ya shiga cikin Linux kai tsaye. Sunan na kama da FAT32 amma yadda shike jera foldoji da lissafin fili daban ne, kuma convert NTFS kawai ta sani. Wani zai ba ka dabarar nan ta a matse tsohon patishin a yanki sabo a gefe, a tura kaya kaɗan, a ƙara matsewa a ƙara turawa har a gama. Tana aiki a takarda. A zahiri da giga 800 da ɗan filin da ya rage maka za ka yi zagaye da yawa, kowane zagaye sa'o'i ne ana jan kaya daga wuri zuwa wuri, matsar da farkon patishin kuma shi ne aiki mafi haɗari da ake yi ma haddis don yankewar wuta a tsakiyarshi na barin rabi nan rabi can, sannan exFAT ɗin ma GParted, manhajar yanka patishin ta Linux, ba ta iya faɗaɗa shi. Ka ɗauki haɗarin da ya ninka na convert sau da yawa don gudun aron haddis na kwana ɗaya. A'a.

Wanda ya kawo mu ga abin da na fi son ka ji. Ka ce ba ka da wurin kwashe kaya, to matsalarka ta gaskiya ke nan, ba FAT32 ba. Aikin mutane giga 800 a wuri ɗaya tak, ko ba ka canza komai ba gobe haddis ɗin na iya zamewa daga hannun yaro, amarya ta zo karɓar bidiyonta mi za ka ce mata? Biki ba a sake shi. Canza tsari a wurin lokaci shike rage maka, ba ya ɗauke maka wajibcin kwafi. Kuma lokacin ma ba wani abin tsoro ba ne, a tsohon bakin USB 2 da ke tafiya wajen megabait 30 a daƙiƙa giga 800 zai ci sa'a bakwai da ɗoriya, a USB 3 mai shuɗin baki wajen megabait 100 a daƙiƙa sa'a biyu da ƴan mintuna ne. Ka ari na abokin sana'a, ko ka rarraba, wani a laftof wani a kwamfutar shago, ko aƙalla ka ware ayyukan da ba a kai ma masu su ba tukuna, su ne ba su da madadi, tsoffin da anka riga anka miƙa da finafinan da ake iya sake samu su jira. Wurin kwafin, a ce harafin haddis ɗin aro F ne, ka yi amfani da

robocopy E:\ F:\kwafi /E

ya fi jan folda da linzami don in ya tsaya ka sake bugawa shi tsallake abin da ya riga ya kwafa. Ka kiyayi /MIR da za ka gani wasu na sawa, yana goge duk abin da ke wurin saukar da babu shi a tushe, in ka juya haruffan biyu ka gama da kanka. Bayan kwafi ka buɗe bidiyo da dama ka ja su zuwa tsakiya da ƙarshe ka ga suna tafiya.

In kuwa kwafi cikakke ya samu, ni a ra'ayina fomatin sabo ya fi ma convert ɗin, don teburin MFT na samun wuri a jere maimakon a tsattsarga shi cikin ramukan da anka samu, kuma kai ke zaɓar tsarin da kake so har da exFAT. Amma in ba ka son zaman maido da kaya, yi convert ɗin hankalinka kwance tunda kana da madogara, bambancin saurin ga manyan bidiyo ba wani abin a zo a gani ba ne.

Wani gargaɗi ga masu karantawa da za su gwada a filashi. Kasuwa cike take da filashin bogi, an rubuta giga 128 cikinshi 8 ne ko 16, an yi ma ƙwaƙwalwarshi ƙarya. Tunda canza tsari cikin filin da babu kowa shike rubutu, a irin wannan filashi filin ma babu shi, sabon teburin sai shi faɗa rami ko shi hau kan kayanka. H2testw na tona asirinsu, amma a filashin da babu komai ake gwadawa.

To maganar ƙanenka. Awo, a Linux abin ya fi yawa. Linux na da nashi tsarin fayil, ext2 da ext3 da ext4. Daga ext2 zuwa ext3 umarni ɗaya ne, tune2fs -j, don littafin ko-ta-kwanan nan kawai ake ƙarawa. Daga ext3 zuwa ext4, wanda ya zauna da gindinshi a ƙarshen 2008, ana kunna wasu siffofi da tune2fs a bi da e2fsck, wato chkdsk ɗin Linux, sai dai tsoffin fayiloli na zama da tsohon salon lissafinsu, sabbi ne ke morar sabon. Wanda shike nufi da komawa baya kuwa btrfs-convert ne, mai maida ext4 zuwa Btrfs, tsarin da Chris Mason ya faro a Oracle a 2007, wanda Fedora ta maida shi na asali tun fitowa ta 33 a 2020. Dabarar tana da kyau ƙwarai. Btrfs ba ya rubutu bisa tsohon abu, in za a canza sai shi rubuta a sabon wuri, don haka manhajar na gina lissafinta a fili tana nuna bulo ɗin da kayan suke tun asali, sannan ta adana hoton tsohon ext4 ɗin gaba ɗaya cikin wani sashe mai suna ext2_saved. Muddin wannan na nan, btrfs-convert -r na maida kai ext4 kamar yadda kake ranar da ka canza. Ka lura da kyau, kamar ranar da ka canza, duk abin da ka rubuta bayan nan ya tafi. Kuma ranar da ka goge ext2_saved don ka samu fili, ko ka yi balance, umarnin sake jera kaya a Btrfs, hanyar komawa ta rufe. Sannan lambar shaidar patishin ɗin, UUID, tana canzawa, in patishin ɗin da kwamfuta ke tashi da shi ne sai an gyara fstab, fayil ɗin da ke jera patishin, an sake girka GRUB mai tada Linux, in ba haka ba a kunna a ga baƙin allo. Ka ce mishi shi fara gwadawa a kwamfutar gwaji ta cikin VirtualBox, ba a laftof ɗin da furojet ɗinshi ke ciki ba. Akwai kuma ntfs2btrfs da fstransform, na biyun na iya juya tsakanin ext4 da XFS da wasu ta hanyar tura fayiloli ɗaya bayan ɗaya cikin wani fayil na wucin gadi, wannan ya fi kowanne ɗaukar lokaci kuma yankewar wuta ta fi yi mishi illa. Babu ɗaya cikinsu da zai amfane ka, haddis mai Btrfs Windows ba ta ma ganinshi sai da ƙarin direba.

Don kada in sa ka ɗauka abin wasan kasada ne kawai, ɗaya daga cikin manyan canje-canje irin wannan da anka taɓa yi mutane ba su ma san an yi ba. A watan Maris na 2017 Apple sunka saki iOS 10.3, galibin iPhone da iPad da sunka karɓe shi an juya musu tsari daga HFS+ zuwa APFS hotuna da komai na ciki, daga baya cikin shekarar macOS High Sierra ya yi ma kwamfutocinsu masu SSD haka. Salon ɗaya ne da wanda na bayyana, a gina sabo a fili, a tantance, a juya a ƙarshe. Amma dubi yanayin, na'urorin da su sunka ƙera sun san kowane ɓangarensu, batir a jiki, ma'ajiyar a manne babu igiyar da za ta saki, waya kuma ba ta yarda ta fara sabuntawa in caji ya yi ƙasa. Kai kuma haddis ne da ya sha rana da ƙurar hunturu.

Wani abu da ake yawan haɗawa da wannan, musamman yanzu da tallafin Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025 kowa na son hawa 11, shi ne MBR da GPT. Wannan ba tsarin fayil ba ne, taswirar yadda anka yanka haddis zuwa patishin ce, kana iya samun NTFS a kan kowanne. MBR na tsayawa a tera 2, Windows 11 kuma na son UEFI, sabon salon tada kwamfuta, wanda ke tafiya da GPT. Shi ma akwai mai canza shi a wurin, mbr2gpt, ya zo da Windows 10 fitowa ta 1703, ana fara buga shi da /validate a ga ko zai yiwu, ba ya karɓar faifan da ya wuce patishin uku, in akwai BitLocker, makullin faifai na Windows, a dakatar da shi tukuna, bayan an gama kuma dole a shiga BIOS a juya zuwa UEFI in ba haka ba kwamfutar ba ta tashi, mutum shi ɗauka ya yi asara alhali saiti ɗaya ne ya rage. Na faifan da Windows ke kai ne, haddis ɗinka na waje mai tera 1 ba ruwanshi da wannan, bar shi a MBR ɗinshi.

Katunan kyamara kuwa kada ka kai musu convert ko kusa, kyamara ba ta san NTFS ba. Ka kwashe abin da ke ciki wuri biyu, ka maida katin cikin kyamarar ka yi mishi fomatin daga menu ɗinta, ita ta san tsarin da girman gurbin da take so. In yankan giga 4 ɗin ne ke damunka wurin ɗauka, kati mai giga 64 ko sama za ka saya tunda shi exFAT ne, amma ka duba littafin kyamarar tukuna, wasu tsoffin ko da exFAT ɗin sai sun yanka, sai dai ka jera gutsattsarin a manhajar editin.